Na gama azumi sai ga shawarar sata, shin tanadin Allah ne wannan?

Salama ɗan'uwa. Na karanta saƙonka, bari in taƙaita shi saboda masu karatu, ba suna ba gari. Kai ne mai kula da sito a wurin wani ɗan kasuwa mai sayar da taki da hatsi, wata biyu ke nan ba a ba ka albashi ba, mai gidan haya ya ba ka wa'adi, madam tana da ciki wata bakwai, babban yaronka kuma an koro shi daga makaranta. Ka yi azumi, kana fid da zakka, har "iri" ka shuka, wato kuɗin da ake bayarwa da begen Allah zai ninka shi, a wani taron farkaswa. Washegarin gama azumin sai direba da wani abokin aikinka suka zo maka da shawara, wai a rubuta buhu goma na taki ruwa ya ɓata su, a fitar a sayar a raba, kasonka zai biya haya har da canji. Shi ne kake tambaya, anya ba amsar addu'a ba ce, tun da oga ma yana riƙe da haƙƙina? In kuma ba ita ba ce, to ina tanadin da Allah ya yi alkawari?

Tambayar farko amsarta gajeruwa ce, a'a, ba daga Allah take ba, kar ka sa hannu a wannan takarda. Ta biyun ita ce mai nauyi kuma a kanta zan daɗe.

Amma tukuna ka sani ban ɗauke ka mugu ba don wannan tunani ya shigo maka. Duk wanda ke cefane a ƙasar nan ya san inda takalmi ke matsa shi. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin mai, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta taɓa 1,000, hauhawar farashi ta wuce kashi 34 cikin ɗari a Disamba na shekarar, mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a Yuli 2024, naira 70,000, a lokacin ko buhun shinkafa mai kilo 50 ba ya saya. To wanda ma ake biya ke nan, balle kai da aka riƙe wa wata biyu. Saboda haka matsin da kake ciki na gaske ne, ba rashin bangaskiya ne ya kawo shi ba, kuma ba lalle wani zunubi ka yi ba, kar wani ya ɗora maka wannan kaya a kan wanda kake ɗauke da shi.

Abin da ya fi ruɗa ka na gane shi, lokacin da shawarar ta zo. Ka gama azumi jiya, yau ga hanya, ai dole zuciya ta ce amsa ce. To buɗe Matiyu sura 4 ka duba yaushe Iblis ya zo wa Ubangijinmu. Bayan azumin kwana 40 ne, lokacin da yunwa ta kama shi sosai. Kuma me ya fara kawo masa? Bai ce ya yi kisa ko zina ba, gurasa ya kawo, abin da jiki yake bukata da gaske, abin da ba laifi ba ne a so shi. In kai Ɗan Allah ne ka ce wa duwatsun nan su zama gurasa. Wato bukatar halal ce, hanyar ce ba ta Uba ba. Haka jarabar mai talauci take kusan kullum, ba ta zuwa da fuskar mugunta, da fuskar kuɗin haya take zuwa, da kuɗin awon ciki, da fuskar yaronka yana zaune a gida abokansa suna wucewa da kayan makaranta. A jaraba ta biyu ma har aya Iblis ya jawo daga Zabura 91, don haka in ka ji wata aya tana ta yawo a kanka tana halatta maka abin, kamar wadda ake yawan ja cewa dukiyar mai zunubi an tara ta domin adali, kar wannan ya ba ka mamaki. Dacewar lokaci ba ita ce shaidar cewa abu daga Allah yake ba. Yaƙub 1:13 ya faɗa a fili cewa Allah ba ya jarabtar kowa da mugunta. Duk ƙofar da sai ka yi ƙarya a rubuce kafin ka shiga, ba shi ya buɗe ta ba.

Batun oga kuwa, kana da gaskiya a rabi. Riƙe haƙƙin ma'aikaci zunubi ne babba, Littafin Firistoci 19:13 ya hana ladan ɗan ƙodago ya kwana a hannun mai aiki, Yaƙub 5:4 kuma ya ce ladan da aka danne yana kuka kuma kukan ya kai kunnen Ubangiji Mai Runduna. Bashinka yana wuyansa, kuma kana da ikon ka nema da babbar murya. Amma abin da su direba suka kawo ba karɓar bashi ba ne. Duba mana, buhu goma za a raba uku, su biyun me suke bin oga? Kuma ko bayan an sayar, albashinka na wata biyu yana nan a rubuce kana binsa, za ka karɓa ranar da ya biya, ko za ka ce masa a'a na riga na ɗauka? Ka ga ashe ba biyan bashi ba ne, sata ce da aka yi wa kwalliya. Ga kuma abin da su ba za su gaya maka ba, a littafin sito sa hannun mutum ɗaya ne, naka. Ranar da aka zo ƙirga kaya, oga ya ce a nuna masa buhunan da ruwa ya ɓata, don taki in ya sha ruwa dunƙulewa yake yi ya yi tauri, ba ɓacewa yake yi ba, direba zai ce shi tuƙi kawai ya sani, ɗayan ya ce bai taɓa ganin littafin ba. Kai za a kai ofishin 'yan sanda, madam da tsohon ciki tana bin ka da kwanon abinci. Ko kuma ba a kama ku ba, wanda a wurina ya fi muni, don daga ranar ka zama nasu, wata mai zuwa buhu ashirin za su ce, kuma ba ka da bakin cewa a'a.

To ina tanadin? Mutane suna son 1 Korintiyawa 10:13, cewa Allah mai aminci ne, ba zai bari a jarabce ku fiye da ƙarfinku ba, tare da jarabar zai ba da mafita. Gaskiya ne, amma a karanta ta har ƙarshe, ta ƙare da cewa domin ku iya jurewa. Mafitar da aka yi alkawari mafita ce daga zunubi, ba a ce kullum mafita ce daga wahalar a ranar ba. Yusufu ya samu mafita a gidan Fotifar, ƙofa ce, ya bar rigarsa ya gudu, kuma ina ƙofar ta kai shi? Kurkuku. Yana da shekara 17 aka sayar da shi, sai da ya kai 30 ya tsaya gaban Fir'auna, a tsakani har da shekara biyu cur da mai shayarwar sarki ya manta da shi. Mu da muke karantawa mun san ƙarshen labarin, shafi uku ne mu juya, shi da ke ciki bai sani ba. Ina faɗa maka wannan ne don kar ka ƙi sa hannu ran Litinin ka zauna kana jiran alat ran Talata, in bai shigo ba ka ce Allah ya yaudare ka. Zai yiwu ka ƙi, abubuwa su ƙara tsanani na ɗan lokaci, su direba su juya maka baya, har su ƙulla maka sharri. Ban da ikon yi maka alkawarin da Littafi bai yi ba.

Abin da na gani a Littafi Mai Tsarki, kuma na gani a gidajen masu bi da na yi hidima a cikinsu, shi ne tanadin Allah a lokacin tsanani yawanci da awo yake zuwa. Fitowa 16, manna. Kowa ya tara na yini ɗaya, mudu guda ga kowane kai, wanda ya ɓoye don gobe ya tashi ya tarar ta yi tsutsa tana wari, sai ran shida kaɗai ake tara na kwana biyu saboda Asabar. Shekara 40 a haka. Kamar maigidan da ke fid da awo kowace safiya amma mabuɗin rumbu yana aljihunsa, iyali ba su kwana da yunwa ba, amma kuma kullum sai sun dube shi. Maimaitawar Shari'a 8:3, ayar da Yesu ya mayar wa Iblis da ita, ta faɗi dalili, ta ce ya bar ku kuka ji yunwa sannan ya ciyar da ku, domin ku sani ba da gurasa kaɗai mutum yake rayuwa ba. Ka lura, ya bar su suka ji yunwar. Ba kuskure aka yi ba.

Dubi Iliya kuma a 1 Sarakuna 17. Allah da kansa ya aike shi rafin Kerit, hankaki suna kawo masa gurasa da nama safe da yamma, sai rafin ya ƙafe. Rafin da Allah ya nuna masa fa. Daga nan aka tura shi Zarefat wurin gwauruwar da ta fito tsintar itace biyu don ta dafa ɗan garin da ya rage, ita da ɗanta su ci su mutu. Kuma mu'ujizar da aka yi a gidan ba cika tukunya aka yi har baki ba, garin ne dai bai ƙare ba, man ma bai ƙare ba. Kullum ta sa hannu ta samu na ranar. Ni a ganina wannan ya fi wahalar gaskatawa fiye da a ce an sauke mata buhu ɗari, don kowace safiya sai ta sake dogara daga farko. Ina roƙonka ka zauna da madam ku duba wata biyun nan da ba albashi, me kuka ci, daga ina ya fito? Ban san amsar ba amma ku kun sani. Wataƙila wata 'yar'uwa ta aiko da tiyar masara, wataƙila mai shago ya ɗaga muku ƙafa. Ba ina cewa ya isa ba, haya tana nan. Ina cewa kar neman buhu ya hana ka ganin mudun da ake ta auno maka.

Yanzu batun irin da ka shuka, nan kam zan yi magana da zafi don abin yana ci mini rai. Koyarwar da ke cewa ka ba Allah dubu biyar ya mayar maka dubu hamsin ta jefa masu bi da yawa cikin irin ramin da kake ciki, mutum ya ba da kuɗin abincin 'ya'yansa, wani har rance yake ci ya shuka, in shiru ta biyo baya sai ya ɗauka ko Allah ya ci amanarsa ko shi ne bangaskiyarsa ba ta kai ba. Allah ba ɗan adashi ba ne. Bitrus ya tsauta wa Siman a Ayyukan Manzanni 8 don ya zaci baiwar Allah da kuɗi ake sayenta. Ayar da ake yawan karantawa kafin a miƙa kwanon baiko, Filibiyawa 4:19, Allahna zai biya dukan bukatarku, wanda ya rubuta ta yana ɗaure ne, kuma 'yan ayoyi kafin nan ya ce ya san ƙoshi ya san yunwa, ya san yalwa ya san rashi. A 2 Korintiyawa 11:27 ya lissafa yunwa da ƙishirwa da sanyi da rashin sutura cikin abubuwan da ya sha. In manzo Bulus ya kwana da yunwa, to yunwa ba alamar Allah ya yashe mutum ba ce. Bayarwa abu ne mai kyau, ni ma ina koyar da ita, amma 2 Korintiyawa 8:12 ta ce ana karɓa gwargwadon abin da mutum yake da shi, ba abin da ba shi da shi ba. Albashi bai shigo ba, ba a bin ka zakkar abin da bai shigo ba, kuma kar ka ƙara cin bashi don ka shuka wa kowa komai. Ciyar da iyalinka ma aikin bangaskiya ne, duba 1 Timoti 5:8.

Akwai wani labari da nake so ka riƙe, 2 Sarakuna 4. Wani daga cikin 'ya'yan annabawa, mutum mai tsoron Allah, kamar yadda matarsa ta faɗa, Elisha kuma bai musa ba, ya mutu ya bar bashi, har mai bin bashin yana shirin kwashe 'ya'yansa biyu su zama bayi. Mai tsoron Allah ya mutu da bashi, wannan kaɗai ya isa ya rufe bakin masu cewa duk mai bashi akwai abin da ya yi. Matar ba ta rufe ƙofa ta yi shiru ba, ta je ta yi kuka a gaban Elisha. Shi kuma ya tambaye ta me kike da shi a gida, ta ce ba komai sai ɗan mai a kwalba. Ya ce je ki ari tukwane wurin maƙwabta, kar ki aro kaɗan. Ka yi tunanin wannan, gida gida tana sallama tana aron tukunya, duk unguwa ta san halin da take ciki. Da man ya cika tukwanen bai ce mata kuɗi zai sauko ba, ya ce je ki sayar ki biya bashinki ku ci sauran. Allah ne ya yi abin, amma sai da ta buɗe baki, sai da maƙwabta suka ba da aro, sai da ta je kasuwa.

Nan ne nake ganin matsalarka take, don a saƙonka ka ce ba wanda ya sani a coci, ko madam ba ta san zancen wa'adin mai gida ba. Ɗan'uwa, su direba sun san damuwarka, dattawan ikilisiyarka ba su sani ba. Ka ga inda aka samu ɓaraka? Wanda ya san ciwonka shi ne zai kawo maka magani, nagari ko mugu. Na san kunya ce, namiji ba ya so a ce ya kasa, ranar Lahadi a goge riga a zo a ce lafiya lau. Amma barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. A Sabon Alkawari manna ba ta ƙara saukowa daga sama ba, ka san inda ta koma? 2 Korintiyawa 8:13-15, Bulus yana tara gudummawa domin matalautan masu bi na Urushalima sai ya jawo ayar manna ɗin nan, wanda ya tara da yawa bai yi rara ba, wanda ya tara kaɗan bai rasa ba. Wato yanzu ta hannun 'yan'uwa ake rabon. Haka aka yi a Ayyukan Manzanni 11 da yunwa ta zo a zamanin Kalaudiyas, masu bi na Antakiya kowa ya ba da gwargwadon ƙarfinsa aka aika Yahudiya.

Mu ma mun gani da idonmu a ƙasar nan. A ƙarshen Oktoba 2014 da Boko Haram suka ci Mubi suka mamaye hedikwatar EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya, a Kwarhi, shugabannin ikilisiyar sai da suka koma Jos na wani lokaci, jama'a kuwa suka kwarara Yola da ƙafa, wasu ta duwatsu suka tsallaka Kamaru. Mutanen nan gona da rumbu da shago duk sun bari. Me ya riƙe su? Akasarinsu ba a sansanin gwamnati suka zauna ba, gidajen mutane ne, mai ɗaki biyu ya karɓi iyalai, harabar majami'u ta cika, babban cocin Katolika na Saint Theresa a Yola ƙarƙashin Bishop Stephen Mamza ya ɗauki dubbai yana ciyarwa, Musulmi ma sun buɗe gidajensu. Tanadin Allah ne wannan ko ba shi ba ne? Shi ne mana, a kwanon maƙwabci ya zo.

Kuma bari in juya ga dattawa da fastoci 'yan'uwana da za su karanta wannan. In ɗan ikilisiya ya cire kunya ya zo, muka ce masa je ka Allah zai yi, muka tafa kafaɗarsa, alhali akwai kuɗin ginin da za a sa tayil a asusu, to Yaƙub 2:15-16 da mu yake. Sau da yawa mu ne muke sa tanadin Allah ya makara.

Akwai kuma abin da ba zan ɓoye maka ba, don in na ɓoye wata rana za ka gano da kanka ka ce an ruɗe ka. Wasu sun dogara ga Allah har ƙarshe kuma ba a cece su a nan duniya ba. Ibraniyawa 11 ta lissafa waɗanda ta wurin bangaskiya suka rufe bakin zakoki suka tsere wa takobi, sai a tsakiyar aya ta 35 ta juya ta ce waɗansu kuwa aka azabta su, aka jajjefe su, suka yi yawo cikin fatun tumaki suna fama da rashi, kuma dukansu an yaba bangaskiyarsu. Rabaran Lawan Andimi, faston EYN kuma shugaban ƙungiyar Kiristocin Najeriya, CAN, na Michika, da aka kama shi a Janairu 2020 ya yi magana a bidiyon da masu garkuwa da shi suka fitar, ya ce bai karaya ba domin kowane hali mutum ya samu kansa a hannun Allah yake, in an ba shi dama zai koma wurin iyalinsa, in ba a ba shi ba wataƙila nufin Allah ke nan. A watan nan aka kashe shi. Leah Sharibu tana 'yar shekara 14 aka ɗauke ta a Dapchi ranar 19 ga Fabrairu 2018, aka sako sauran 'yan matan da suka rayu bayan wata guda, ita aka riƙe don ta ƙi barin bangaskiyarta. Ban kawo su don in raina wahalarka ba, ko kaɗan. Na kawo su ne don ka ga irin dogarar da Littafi yake nufi, irin ta abokan Daniyel uku a gaban tanderu, Allahnmu yana da iko ya cece mu, amma ko bai cece mu ba, ba za mu yi sujada ga gunkin ba. In dogararka ta tsaya a kan sai ya biya hayar nan kafin ƙarshen wata, to duk ranar da aka makara za ta rushe. In ta tsaya a kan wanda bai hana mu Ɗansa ba, kamar yadda Romawa 8:32 ta ce, za ta ɗauki nauyin wata uku ma.

Wannan ba ya nufin ka haɗiye kukanka. Asaf a Zabura 73 ya ce saura kaɗan ƙafarsa ta zame da ya ga mugaye suna ƙiba ba su da damuwa, har ya ce ashe a banza na tsarkake zuciyata. Yana cikin Littafi Mai Tsarki, ba a goge shi ba. Ka gaya wa Allah haka in haka kake ji. Akwai ma addu'ar da ta yi daidai da kai a Karin Magana 30:8-9, ta Agur, kada ka ba ni talauci ko dukiya, ka ba ni abincin da ya ishe ni, kada in ƙoshi in musunce ka, kada kuma in talauce in yi sata in ɓata sunan Allahna. Mutumin Allah ne yake faɗa da bakinsa cewa talauci zai iya kai shi sata. Yi wannan addu'ar da kalmominka, da safe kafin ka buɗe sito, don a nan yaƙin yake.

Sai abin yi, don tashi in taimake ka aka ce. Yau da dare ka gaya wa madam komai, har da shawarar su direba, mutum ba ya saurin faɗawa ramin da matarsa ta san da shi. Ku rubuta bashin duka a takarda, na haya, na makaranta, na mai shago, ku ga wanne ne ke da wuta a kai. Awon ciki kar a fasa shi ko sau ɗaya, in asibitin kuɗi take zuwa ku koma asibitin gwamnati na kusa, kuma ku fara ajiye ɗan abin haihuwa ko yaya yake, wannan ya riga kuɗin makaranta. Mai gidan haya kar ka jira ranar wa'adi, kar kuma ka riƙa kashe waya in ya kira, wannan ne ke harzuƙa su, ka ɗauki dattijo ɗaya da ake ganin girmansa ku je, ka faɗi gaskiya, ka nemi a raba maka biyan kashi kashi. Makarantar yaro ma haka, je ka da kanka wurin hedimasta. Oga kuwa ka same shi cikin ladabi amma ba da rawar murya ba, ka ce ranka ya daɗe wata biyu nake bi, ga halin da gidana yake ciki, in kuɗi ba su samu ba a ba ni ko rabi, ko a ba ni buhun masara a madadin wani kaso a rubuta a cire. Ka ga buhun nan da za ka fita da shi da rasit a hannu da rana tsaka, da wancan da za a fitar da dare, a ido duk buhu ne, amma ɗaya za ka iya sa hannu a kai ka yi godiya tare da 'ya'yanka. In ya ci gaba da riƙewa ba dalili, fara neman wani aikin tun kana wannan, barin azzalumin mai gida ba rashin haƙuri ba ne.

Ka kiyayi ƙannen wannan jaraba kuma, don in ka rufe wa babbar ƙofa su ne ke leƙowa ta taga. Cacar ƙwallo a waya, wai ɗari biyu kawai. Manhajojin rance masu ruwa mai yawa da in ka makara kwana kaɗan sai su bi lambobin wayarka suna aika wa surukanka da fastonka saƙon cin mutunci. Da masu cewa kawo dubu hamsin ta zama ɗari a wata, MMM ta rufe da kuɗin mutane a Disamba 2016, CBEX ta maimaita a Afrilu 2025. In kana neman ƙari, nemi na gumi, ko dako ne ko ɗan saye da sayarwa bayan an tashi aiki, kai da ka san farashin hatsi fiye da yawancin mutane.

Su direba kuma amsarsu kar ta yi tsawo, kar ka ce bari in yi tunani, kar ka ce ba yanzu ba, don ba yanzu ba tana nufin ku dawo. Ka ce ba zan sa hannu ba, kuma kayan da ke sito amana ce a wuyana, duk buhun da ya fita ba takarda zan faɗa. Ba sai ka yi musu wa'azi ba. Daga nan ka nemi oga a yi ƙirgar kaya tare da shi ko wakilinsa a cikin satin nan, a sa hannu a kan adadin da aka samu, mabuɗi kuma kar ya ƙara kwana a hannun kowa sai kai, don wanda ka hana ci zai iya ɗauka ya ce kai ne. In sun fasa shi ke nan, in sun ci gaba to dole ka sanar, ba don ƙiyayya ba.

Kafin Lahadi ka je gidan fastonka ko dattijon da ka fi sakin jiki da shi, kar ka tsaya a bakin ƙofar coci bayan sujada ana hayaniya, je gida ka zauna ka faɗa masa adadin kuɗin hayar da ranar wa'adin. Madam ma ta sanar da shugabar zumuntar mata batun cikin, matan nan sun fi mu saurin motsi a irin wannan. Ina yi maka addu'a, kai da ita da abin da ke cikinta. In ka je wurin oga da mai gidan ka sake rubuto mini yadda kuka yi, sai mu ga mataki na gaba.